Silin Gashi a Tankin Alwala

Shekarar da aka cire tallafin man fetur aka ba ni aikin zuba tankin ruwan alwala na masallacin unguwarmu a Kuje. Maƙwabcinmu Injiniya Bitrus ya zana mana kyauta, ya ce a jera siraran rodi kusa da kusa a cikin kankaren. Ni kuwa ina da ragowar masu kauri, sai na ce ai ƙarfe ƙarfe ne, na sa su jefi-jefi.

Da ya gani ya ce, "Oga Malam, kankare dole ya tsage. Idan rodi sun yi kusa, suna raba tsagar ta zama ƙanana. Wannan naka guda ɗaya zai yi, babba."

Na tuna masa shekara talatin ina zuba kankare. Sannan na ɗauki ƙusa na rubuta da ajami a jikin ɗanyen filasta: tsagar ba za ta wuce silin gashi ba. Ko in sha Allahu ban sa ba.

Wata biyu da cika tankin, tsaga ta ratsa tsakiyar rubutuna, ruwa yana tsiyaya. Liman ya zura makullin babur ɗinsa, ya shige. Bitrus bai iya ajami ba, sai ladan ya karanta masa, har sau biyu.

Na ba Bitrus haƙuri, muka gyara ta ciki yadda ya ce. Amma dattawa suka hana a shafe rubutun. Har yau idan na tsuguna alwala sai wani ya ce, "Malam, wai gashin wace dabba kake nufi?"