Gawar da Na Tsinto a Hanyar Guider

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko na so in manta ma mutanen unguwarmu a Garoua ta ƙasar Kamaru ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa ta majalisar ƙofar masallaci sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Mai tsintuwa, yau ba a samo ba?" Ni kuwa sai in ƙara sauri kamar ba da ni ake ba.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa kamar yadda ubansa ya yi tun zuwansa daga Kano. Amma abin da aka fi saninsa da shi wankan gawa ne, shi ma a wurin ubansa ya gada. Duk namijin da ya rasu a unguwarmu Baba ake kira. Yana da wata al'ada: in ya shiga sai ya durƙusa ya yi wa mamacin sallama, ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjinsa, ya yi shiru kamar mai jiran amsa. Ni a raina nakan ce tsohon nan dai da son jan abu yake.

Da tsufa ya kama shi, hannu ya fara rawa, ido ya dushe, sai dattawa suka ce ni babban ɗa in gaje shi. Ranar farko da ya shiga da ni, ina riƙe da buta, hannun mamacin ya zame ya faɗo a kan ƙafata. Ban san sadda na yi waje ba, har da zanan da aka kewaye wurin da shi na kwasa (an ce da ihu na fito, ni dai ban ji ba). Daga nan aka fara maganar a ba Malam Sani tela aikin. Baba kuwa ya ci gaba da wankansa ba ni. Abin da ke gidanmu tun kakana zai bar gidan saboda ni.

Ana cikin haka na je Guider saro gyaɗa. Takardun motata sun daɗe da mutuwa, don haka a dawowa na sauka daga kwalta na bi wata hanyar daji don in zagaye jandarma masu duba takardu. Ban yi nisa ba na tarar an gitta igiya da jajayen ƙyallaye, ga allo a gefe da rubutun Faransanci ɓaro-ɓaro. Na yi makaranta fa, na iya karatu. Amma sai na ce manoman auduga ne da iyayinsu, na ɗaga igiyar na wuce.

Abin da na fara lura da shi shiru ne. Hanyar nan na santa, ba a rasa makiyayi ko mata masu itace. Ran nan ko akuya babu. Rana ta take tsaka, irin lokacin da kakarmu take hana mu zuwa gindin tsamiya. A ƙasa ga sawun tayoyi, faɗin kowanne ya kai tabarmar salla, sun fito daga daji sun koma daji, ba su bi hanya ba. Sai kuma wani zuzu a sama kamar na zuma. In na tsaya in ji shi, in na tafi ya biyo ni.

Can na shigo wani ƙauye da ban taɓa sani ba. Bukkoki sababbi fil, amma babu asabari a ƙofa, babu hayaƙi, babu kaza, babu turmi. Na danna hon ɗin mota, ba wanda ya leƙo. Na duba madubi, sai na ga wani kurmi da na wuce ta hagunsa ya matsa. Na rantse da Allah matsawa ya yi, da ganyensa da komai, sannan ya tsaya cak. Na fara karanto duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar shiga kasuwa.

A bakin ƙauyen na gan shi. Ga wata ƙonanniyar mota, ga tsamiya, ga mutum kwance a rigingine cikin farar jallabiya, ƙirjinsa jajur. An ɗaura masa baƙin ƙyalle a hannu, na ɗauka laya ce. Na ɗaga kai, sai ga wani abu yana shawagi a kansa kamar ungulu, amma ba ya kaɗa fiffike.

Na ce shi ke nan, 'yan fashin hanyar nan ne da ake kira Zargina, sun kashe bawan Allah. Mai hankali juyawa zai yi ya nemo jandarma. To ni jandarman nake gudu, waya kuma babu layi. Sai wani tunani ya zo mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, ba tausayi ne kaɗai ya kawo shi ba: in na kai mutumin nan Garoua da hannuna, ni kaɗai, daga tsakiyar daji, wa zai sake ce mini matsoraci? Na hango fuskar Baba, na hango ta Malam Sani tela, na buɗe bayan mota.

Ido a rufe na ɗauke shi, ina kau da kai. Jikinsa da ɗumi, na ce Allah sarki, yanzu-yanzu aka yi abin. Abin da ya fi tsorata ni shi ne rashin nauyinsa. Da na zo cusa shi tsakanin buhuna, ƙafarsa ɗaya ta maƙale a waje, kafin in kai hannu sai ta lanƙwashe da kanta ta shige. Na tsaya ina kallon ƙafar nan. Na ce wa kaina mutumin kirki ne, shi ya sa gawarsa ba ta da gardama. Na tuɓe babbar rigata na lulluɓe shi, na ja mota.

Da na hau wani tudu layi ya dawo. Na kira Ladan Hamadu, na gyara murya yadda za ta yi kauri.

"Ladan, a sanar. Na tsinci gawar wani Musulmi a daji, ina tafe da ita. A haƙa kabari, a yanko likkafani a shagonmu, a ɗora ruwa. A gaya wa Baba ni zan yi wankan da kaina."

"Kai?" in ji Ladan.

"Ni ɗin. Kafin la'asar a rufe shi."

Na ajiye waya ina jin kaina kamar wani sarkin yaƙi. Zuzun nan na sama bai daina bina ba. Sai daga bayana, daga ƙarƙashin rigata, wata murya ta ce a hankali:

"Patoron, maigida... kabarin wa?"

Jama'a, ban taka birki ba. Ƙofa na buɗe na fita, mota ta ci gaba da tafiya abinta har ta dangana da wani kwazazzabo. Na yanki daji daga ni sai 'yar shara, takalmi ɗaya. Na waiga, sai ga gawa ta fito daga mota, jini har gwiwa, tana bina tana cewa, "Tsaya! Kada ka bi can!" Wa zai tsaya? Na hango wani kurmi mai duhu na ce nan zan ɓuya. Na faɗa cikinsa da ƙarfi, goshina ya daki ƙarfe, ƙwal!

Kurmin ya yi gurnani. Ganye ya zube, wani dogon bututu ya juyo a hankali ya tsaya saitin cikina. Motar sulke ce, jibgegiya, tayoyinta sun kai ƙirjina, an lulluɓe ta da raga da rassan itace. Murfi ya buɗe a sama, wani kai ya fito, fuska shafe da baƙi da kore, ba ka ganin komai sai fararen idanu. Dama da hagu sauran kurmin ma suka fara motsi, ashe duk su ne. Kafin in gama salati wata iska ta taso, jirgi mai saukar ungulu ya sauko daga bayan dutse har ciyawa tana kwanciya. Na durƙusa na ɗaga hannu sama, na ce da Hausa, na ce da Fillanci, na ce da Faransanci, "Ba ni na kashe shi ba!" (Maganar wandona kuwa, ku bar ta kawai.)

Wani kaftin ne ya sauko daga jirgin, ransa a ɓace. Ya tambaye ni ko ban ga igiya ba, na ce na gani. Ko ban iya karatu ba, na ce na iya. Sannan ya yi mini bayani kamar mai magana da ƙaramin yaro: atisaye suke yi. Ƙauyen nan su suka gina shi don horo. Ungulun da ba ya kaɗa fiffike jirgi ne marar matuƙi, kuma tun daga igiya manyansu suke kallona a allo. An tsayar da motocin sulke, an tsayar da jirage, an hana kowa harbi, duk saboda wani mai gyaɗa ya sace musu gawa.

Gawar kuwa ta iso tana haki. Kofur Daniyel sunansa, Kirista ne daga duwatsun Poli, Hausarsa ta kasuwa. Jinin jan rini ne, baƙin ƙyallen kuma alamar cewa shi a wasan ya mutu.

"An ce mini in kwanta, kada in buɗe ido, masu farin kaya na asibiti za su zo su ɗauke ni," in ji shi. "Na ce wannan ya iya aiki, har kuka yake. Sai da na ji kabari na ce a'a, wannan ba ya cikin shiri."

Sojojin suka yi ta dariya har wani yana dukan jikin motar sulke. Ni ba su ne damuwata ba. Na roƙi kaftin ya ba ni wayata in kira gida, ya ce waya tana hannunsu sai sun tabbatar ko ni wane ne a bakin mai unguwarmu. Na ce ranka ya daɗe, kabari ake haƙawa. Ya ce to su ci gaba.

A bayan motar soja aka kawo ni Garoua, kaftin yana gaba, Daniyel yana gefena, bai ko sami wanke rinin ba. Muna shan kwanar layinmu na ga abin da nake tsoro. An shimfiɗa tabarmi, mutane sun cika ƙofar gidanmu. Ga makara a jingine, ga sabon zana an kewaye, ga hayaƙin ruwan zafi. Masu haƙa sun dawo da ƙasa a ƙafafunsu. Har Malam Sani tela yana nan da likkafani a hannu.

Na diro da takalmi ɗaya. Ladan ya taso ya ce, "Ina mamacin?"

Kafin in haɗa kalma, Daniyel ya diro bayana da jallabiyarsa jajur, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Salamu alaikum. Ni ne."

Ban taɓa sanin dattawan unguwarmu suna da gudu haka ba. Ladan ya tsallake makara, Malam Sani ya bar likkafani a ƙasa ya shige gidan da ba nasa ba. (Wannan kaɗai nake riƙewa in zolaya ta yi yawa, amma ba ya kai ni ko'ina.) Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Baba yana zaune a kan buzunsa, ya amsa sallamar cikakkiya, ya ce a kawo wa baƙo ruwa.

Da ƙura ta lafa, mai unguwa ya shaide ni, kaftin ya ba da labari tun daga igiya, bai rage komai ba. Dariya ta ɓarke har cikin gida wajen mata. Ni ina tsaye ina neman inda zan sa fuskata. Sai Baba ya yafito ni, na durƙusa a gabansa.

"Da ka same shi, ka yi masa sallama?"

"A'a, Baba."

"Ka sa hannu a ƙirjinsa?"

"A'a."

"To me ka ɗauka nake jira duk shekarun nan?" Sannan ya ce, yadda kowa zai ji, "Amma ka ɗauko shi. Da tsoronka da komai, ba ka bar shi ga ungulu ba. Gobe in an yi kira, kai za ka riƙe mini buta."

Kabarin nan ni kaɗai na mayar masa da ƙasa da yammacin ranar, masu haƙa suna zaune a inuwa suna nuna mini inda ban cike ba. Daniyel kuwa ya zama ɗan gida. Duk sadda ya shigo gari sai ya biyo shago ya ce ya zo gaida wanda ya kusa binne shi.

Na riƙe wa Baba buta har Allah ya karɓi abinsa. Baba ne mutum na farko da na wanke ni kaɗai. Na durƙusa na yi masa sallama, na ɗora hannu a ƙirjinsa, na jira. Na daɗe ina jira, har Ladan ya yi gyaran murya daga bayan zana. Ni da muryar gawa ta sa na bar mota tana tafiya, ran nan ba abin da nake roƙo irin a amsa mini.

Yanzu aikin yana hannuna, bai bar gidanmu ba. Abin da na koya biyu ne. In na ga igiya da jan ƙyalle, ina tsayawa in karanta allo. In kuma na ga mutum kwance, komai jan da ke jikinsa, sai na gaishe shi na ji daga bakinsa kafin in kira masu haƙa.