Layin Sauraron Malam

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da ƙafata ta kai ni bayan labulen gidan abincin Hajiya Ladi. Lokacin an turo ni koyarwa Wudil, iyalina suna can Gusau, ni kuwa ina wani ɗaki a Sabon Gari, daga ni sai tabarma da rediyo. Kullum bayan la'asar nakan je wurin Hajiya in ci tuwo da farfesun kifi. Da na zauna, Isuhu ko Sale, masu kai wa mutane abinci, ɗaya zai ja kujera kusa da ni, in yi ta zuba: siyasa, ƙwallo, rashin jin ɗalibai. Har waya na yi wa matata na ce ta kwantar da hankalinta, na yi abokai.

Ana nan sai aka ba mu aiki a wani kwas da nake yi ƙarshen mako: kowa ya zaɓi sana'a ya zana yadda take gudana, abin da mai saye ke gani a saman takarda, abin da ake yi masa a bayan fage a ƙasa. Na ce ta kwana gidan sauƙi. Rabin sama da ka na zana shi: sallama, ruwan wanke hannu, kwano, sai wani akwati da na rubuta wa "hira da abokai" (har layi na ja masa, don Allah ku ji).

Hajiya ta ba ni izinin shiga baya, ta wuce kasuwa. Na tarar da Iya Abu mai tuƙa tuwo, wadda ba ta fitowa gaba, saboda haka ba ta san fuskata ba. Na tsuguna da takardata ina jero tambayoyi kamar wani babban jami'i.

"Iya, wa ke wanke-wanken yamma?"

"Wanda layin Malam bai faɗo kansa ba, ɗan nan."

"Wane Malam?"

"Wani bawan Allah ne mai surutu kamar ya haɗiyi rediyo. Hajiya ta ce ba shi da kowa a garin nan, kada a bar shi ya ci abinci shi kaɗai. Shi ne aka yi masa layi, yau Isuhu, gobe Sale. Wanda ya zauna da shi an ɗauke masa wanke-wanke. Da fari ma Sale cewa ya yi gara tukwanen."

Ina ɗaga kai sai ga Sale a bakin labule da bokitin kifi. Muka haɗa ido, shi ya kasa shigowa, ni na kasa tashi. Iya ta ce, "Ko ka san Malamin?" Na ce, "Sama-sama."

Na ɗauke ƙafa. Na koma shayi da burodi a ɗaki, ni da rediyo (shi ma na fara zargin haƙuri yake yi da ni). Kunya na ji, amma kaɗaicin ya fi kunyar ciwo.

Wata ranar Asabar Isuhu ya yi mini sallama. Bayan doguwar gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, Hajiya ta ce ko lafiya? Kuma don Allah ka dawo. Tun da ka daina zuwa, mu biyu muke wanke-wanke."

Na koma, ban kuma rage surutu ba, tunda dai yana hutar da wani. Abin da na koya shi ne, in ana kyautata maka a gaba, ka ci tuwonka, kada ka tambayi wa ke wanke tukwane. Matata kuwa har yau ta san ina da abokai biyu a Wudil.