Mabuɗin Tagulla

"Lafiya lau, in ban da ganinka," in ji Maƙeri, bai ko ɗago kai daga magagarinsa ba. "Ya iyali? Har yanzu suna haƙuri da kai?"

"Sun ce in gai da bawan gidanmu."

Mai Alƙalami ya jawo kujera ya zauna ba a ce masa zauna ba. Shi da Maƙeri ɗan mace ne da ɗan namiji, shekara sittin ke nan ba su taɓa gaisawa babu zagi a ciki ba. Kuma duk wani ɗan ƙarfen da Mai Alƙalami yake gyaran alƙalamin tawada da shi, a rumfar nan aka ƙera masa, don irin kayan nan ba a samunsu a kasuwa ko mutum zai yini yana yawo.

Ya kwance hankici ya zube gutsattsarin tagulla a kan benci. Mabuɗi uku ne, kowanne mai haƙora biyu, kowanne ya karye a wuya. Wata malamar asibiti ce ta kawo masa alƙalamin mahaifinta da ya rasu bara. Tawada ta bushe a ciki, zoben da ke gindinsa ya cije, sai an kwance shi da irin mabuɗin nan kafin a kai ga cikin. Kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rufewa, in jikin ya tsage shi ke nan. Jibi za ta dawo.

"Mabuɗi na ce ka yi mini, ka yi mini biskit. Ɗan kunnen jikata ya fi wannan ƙwari."

"Ni dai na ƙera wa mutum. Ban san gaɓo ne zai riƙe ba."

Aka shiga tone-tone. Mai Alƙalami ya ce tun suna yara ko gwangwani Maƙeri bai iya hudawa daidai ba. Maƙeri ya ce mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyara alƙalami amma rubutunsa ko shi kansa ba ya iya karantawa, ai bai kamata ya buɗe baki a gaban masu sana'a ba. Mai Alƙalami ya yi dariya, amma iyakarta leɓe.

Tsoro ne fal cikinsa. Tun da ciwon suga ya taso shi gaba, kan yatsunsa ya mutu, kamar ya sa safar hannu mai kauri. Aikin nan kuwa da yatsa ake jin sa, ido ba ya gaya wa mutum inda zai tsaya. Watan jiya ya fasa alƙalamin wani lauya, ya ce masa dama can a tsage yake. Ƙaryar nan har yau tana cin sa, kuma ko matarsa bai gaya wa ba.

"Ka yi mini na baƙin ƙarfe, wanda ba ya karyewa."

"Ba zan yi ba."

"Bawa yana musu da ubangidansa?"

Maƙeri ya ajiye magagarin. Ya ce wuyan mabuɗan nan shi ya sirance su da gangan, daidai ƙarfin da jikin alƙalami zai iya ɗauka, don in aka matsa fiye da kima tagullar ta karye, kayan mutane su tsira. Ya ce shekara arba'in yana yi masa su haka, ko ɗaya bai taɓa karyawa ba, sai bana.

"Uku a mako guda, ɗan gwaggo. In na ba ka baƙin ƙarfe, alƙalamin marainiyar nan ne zai karye."

Mai Alƙalami ya buɗe baki zai rantse cewa hannunsa lafiya lau yake. Maƙeri ya nuna masa hankicin da haɓa.

"Wannan jar tawada ce?"

Ya duba. Gutsuren tagulla ne ya shige masa babban yatsa tun lokacin da ya zube su, jini ya jiƙa gefen hankicin har ya ɗiga a wandonsa, shi kuwa bai ji komai ba. Ya zauna yana kallon yatsan, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Maƙeri ya zare gutsuren da hantsaki, ya ɗaure masa yatsan, yana mitar cewa an ɓata masa benci da jinin talakawa. Sannan ya yanko tagulla ya ƙera mabuɗi na huɗu. Ya miƙa hannu. Mai Alƙalami ya daɗe kafin ya zaro alƙalamin daga aljihu ya ba shi.

Mai Alƙalami ya sa aka jiƙa gindin a ruwan ɗumi, aka goge. Maƙeri ya saka haƙoran a ramukan zoben, zai murɗa hagu.

"Dama, sakarai. Wannan a juye ake kwance shi. A hankali, ka tsaya, ka koma baya kaɗan. To, yanzu."

Zoben ya saki, jikin alƙalamin ko kwarzane babu. Maƙeri ya miƙo masa mabuɗin, shi kuma ya tura masa abinsa.

"Riƙe a wurinka. Da akwai wasu alƙaluma shida a shago, gobe zan kawo maka."

"Ashe dai ka yarda hannuna ya fi naka."

Mai Alƙalami ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa.

"Na yarda, baƙin mugu. Amma gaya mini, da ya saki ɗin nan, yaya ka ji shi a yatsa? Na fara mantawa."