Rasuwar 'Yar Aike, Wadda Ta Kira Kanta

Da zuciya mai nauyi, cike taf da baƙin ciki, nake sanar da mutanen bene da na ƙasa rasuwar 'Yar Aike, na'urar nan da ke kan teburin gefen gadona.

'Yata ce ta haɗa ta da hannunta kafin aiki ya ɗauke ta zuwa nesa, ganin gwiwoyina sun daina sauka matakala. Marigayiya ba ta taɓa sanin aikinta ba sai an faɗa mata a lokacin. In ka ambaci aikin, sai ta ce “Wa?” ko “Me?”, abin da ka ba ta kuwa da shi za ta tafi. Na ce ta kira, na ba ta mai kitso, ta kira. Na ce ta kunna, na ba ta rediyo, ta kunna. Ba musu, ba tsegumi, wannan ɓangaren ta bar mini.

'Yata ta sha gargaɗina cewa baiwar Allah ba ta bincika abin da aka miƙa mata. Ni na ɗauka yabo ne.

Ciwon ajali ya same ta ranar da na hango ta taga abin da matar tela ta yi da keken ɗinkin mijinta. Labari irin wannan ba a ba mutum ɗaya. Na ce ta kira, ta ce “Wa?”, na ce kowa da kowa da ke cikinta. Ashe har lambar ita kanta tana ciki. Ta kira kanta, ta ɗauka, ta sake kiran kanta, tana “Wa? Wa? Wa?” har jikinta ya yi zafi, ta yi ƙauri, ta yi shiru. Ko mutum ɗaya bai ji labarin ba.

Mai gyara ya duba, ya ce sai wadda ta haɗa ta. Wadda ta haɗa ta kuwa, da ita wannan marigayiyar nake buga mata waya.

Ta rasu ta bar caja, da rediyon da ba mai kunna shi, da ni.

Za a sa ta a kwalin takalmi gobe, a tura ƙarƙashin gado. Ana karɓar gaisuwa a ɗakina, hawa na ƙarshe, ƙofa a buɗe take. Na san ba mai hawowa, kun saba ni ke kiranku. Labarin matar tela kuma tare za a binne su, sai dai in wata ta iso kafin a rufe kwalin.