Takalmin Dontrell da Shari'ar Pruitt

"Daga bakina Amurka za ta ji gaskiyar shari'ar Pruitt, kuma sai ta girgiza." Haka Dontrell Gaskins ya faɗa yana kan kujerata ina yi masa aski, sai da na danne masa kai don kada in tafi da kunnensa.

In ba ka san Dontrell ba, ɗan ƙwallon kwando ne a wata ƙaramar ƙungiya a nan Memphis, dogo kamar falwaya, amma babban aikinsa ɗumama benci. Mu a shago Sarkin Tawul muke ce masa, don daga benci tawul kawai yake kaɗawa. Ina son yaron, sai dai bakinsa ya riga hankalinsa tashi daga barci.

Shari'ar kuwa ta cika gari. Wani mai gadin kanti farar fata ne ya lakaɗa wa wani dattijo baƙar fata duka, wai ya yi masa kama da ɓarawo. Gidajen talabijin kuma suka dage da nuna hoton dattijon yana murtuke fuska, kamar shi ya yi dukan. Dattijon ɗan cocin Mama Odessa ne, uwar Renita, budurwar Dontrell. Ita kuwa Mama ta riga ta rantse ba za ta ba da 'yarta ga mutumin da bai taɓa tsayawa kan komai ba, ko a filin wasa a zaune yake. Ka ji abin da ya tayar da gwarzon namu.

Labarai dai ba ya karantawa. Kanunsu kawai yake hangowa suna wucewa a ƙasan allo.

Da farko ya je ya tsaya kusa da 'yan jarida bayan atisaye, ya yi gyaran murya. Ɗaya ta waiwayo, ta roƙe shi ya matsa, yana tare mata haske.

Sai ya koma dabarar manyan 'yan wasa, wato rubuta saƙo a jikin takalmi. Ranar Asabar ya rangaɗa wa fararen takalmansa baƙin rubutu: MUNA TARE DA PRUITT. Aka ci rabin wasa koci ko kallonsa bai yi ba, kyamara kuma ba ta leƙa ƙarƙashin benci. Gogan naka ya tuɓe ƙafa ɗaya, ya shiga fili da safa, ya ɗaga takalmin sama. Alƙalin wasa ya busa, aka hukunta ƙungiyarsu, koci ya kusa haɗiye alawar bakinsa. Amma kyamara ta ɗauke shi.

Ni a talabijin ɗin shago na gani, almakashi ya faɗi daga hannuna. Kowa ya san a ƙasar nan shari'a sunan wanda ake tuhuma take ɗauka. Pruitt shi ne mai gadin, yana can tsare a gidan yari. Na yi ta kiran Dontrell, ashe ya kashe waya don yabo ya taru ya sha shi gaba ɗaya.

Ranar Lahadi ya shiga gidan Mama Odessa cin abincin bayan coci yana taku ɗai-ɗai. Ya tarar da wani tsoho a kan tebur, hannu a ɗaure cikin filasta. Ya rusuna.

"Baba Pruitt, kada ka gode mini. Hakkin da ke kaina na sauke."

Tsohon ya ajiye cokali. "Sunana Alvin Tubbs, ɗana. Pruitt shi ya karya wannan."

Renita ta rufe fuska. A talabijin lauyan mai gadin yana ta jinjina wa wani jarumin ɗan wasa da ya ƙi bin ra'ayin jama'arsa.

Dontrell ya fara inda-inda, wai ba'a yake yi, wai masu zurfin tunani sun gane. Mama Odessa ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki farantinsa, soyayyar kaza da burodin masara da komai, ta juye a roba ta rufe. Ta miƙa wa Renita tafin hannu, zoben alkawarin da Dontrell ya ba ta ya faɗo ciki, ta ɗora shi a kan murfin.

"Ungo, yaro. Gidan yari suna karɓar baƙi har la'asar. Ku ci tare, tunda kuna tare."