Bujin Ruwa

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. In na ɗauki biro sai in ce, to in wani ɗan garinmu ya karanta fa? Daga baya na tuna ai babu wanda ya rage a Madarunfa bai ji ba, har da waɗanda ba su zo wurin ba (su ne ma suka fi iya ba da labarin). Don haka gara a ji daga bakina. Ranar sunan ɗiyata ta biyu, ko na so in manta da ita ba zan iya ba.

Ni tela ne, kuma mutum ne mai wasiwasi. In na kulle shago sai na dawo na taɓa kwaɗon, in na isa gida sai in fara tunanin ko taɓawar da na yi ce ta buɗe shi. Karatuna bai wuce lakwal ɗin firamare ba, amma ina karanta duk abin da aka rubuta a jikin kwalin magani, har inda ban gane ba.

A daminar da ta wuce babbar ɗiyarmu ta yi gudawa mai tsanani, har muka kwana likita. Aka ce ruwan rijiyarmu ne. Allah ya ba ta lafiya, amma labari ya kai ga surukina, Alhaji, tsohon direban babbar mota da ke zaune Ɗan Issa. Mutum ne marar yawan magana. Lokacin maiɗakina tana da tsohon ciki. Ya zo dubiya, na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce in ta haihu zai ɗauke ta da yaran su yi jego a gidansa, tunda can ruwan famfo suke sha. Ba haihuwar fari ba ce balle a ce al'ada. Kowa zai gane cewa an ɗauke su ne don na kasa ba iyalina ruwan sha. Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri. Kafin ta sauka zan gyara maganar ruwan, in Allah ya yarda." Ya dube ni ya ce, "To, mu gani."

Washegari na tafi wurin madam ɗin da ke yi wa mata awo. Ta ce hanyoyi suna da yawa: ko a tafasa, ko a ɗiga ruwan jabel, ko a jefa ƙwayar nan da ke narkewa, ko a sayi filtir. Ta ce in zaɓi wadda ta fi mini sauƙi. Da ta san da wanda take magana, da ta zaɓa mini kawai.

Jabel dai na san shi, na ga abin da yake yi wa atamfa in ya ɗiga a kanta. Na kwanta ina tunanin abin da ke mayar da shuɗin zane fari me zai yi wa hanjin jariri. Na koma na tambayi madam, ta ce ɗigo kaɗan ne a ruwa mai yawa, ba ya komai. Na ce to in hannuna ya yi rawa fa? Ƙwaya kuwa na gwada ta sau ɗaya, na ji ruwan ya canja wari, sai wata damuwa ta taso: ruwan da warinsa ya canja ana alwala da shi? Na tare liman bayan la'asar. Ya ce, "Kai tela, ka sha wannan, ka yi alwala da na rijiya mana." Na ce to in butar ta haɗu da kofin fa? Ya ce yana da baƙi a gida. Tafasawa ita ce ta fi kwanta mini, amma na dubi mace da tsohon ciki, na dubi tsadar itace, na ga ba adalci. Maƙwabcina ya ce in daka ƴaƴan zogale in zuba, laka za ta kwanta. Na ce lakar ta kwanta, ƙwayoyin cutar su ma kwanciya suke yi? Ya ce shi bai taɓa ganinsu ba balle ya san yadda suke barci.

Haka na yi ta yawo har cikin ya shiga watansa. A ƙarshe na tsaya a kan filtir, don shi ne ba a ɗiga masa komai, ba a ƙirga komai. Madam ta kwatanta mini shi: bokiti ne a kan bokiti, a zuba ruwa a na sama, ya tsatso a hankali zuwa na ƙasa, a buɗe ɗan famfo a sha. Ta ce duk aikin buji ne ke yin sa. Fari ne, na tangaran, ana murɗa shi a ramin da ke gindin bokitin sama. Na riƙe wannan a kaina kamar karatun allo.

Na hau mota zuwa Maraɗi, na samu wani mai tsofaffin kayan gida yana da irinsa, kusan sabo. Na tambaye shi wa ya yi amfani da shi, me ya sa ya sayar, ko an taɓa zuba wani abu ciki ban da ruwa, ko mai shi yana da lafiya. Mutumin nan ya amsa har ya gaji, ya daina kallona. Sai da na ɗaure kayan zan tafi ya ce, "Af, babu buji ciki fa, sai ka saya ka sa." Na so in ce a ina ake sayarwa, amma na ga fuskarsa, na ji kunya. Kuma ai kowa ya san buji. Na ce, "Ba komai."

A mota na zauna ina lissafi. Buji iri biyu na sani a duniya: wanda ake kunnawa in an ɗauke wuta, da wanda ake sa wa injin moto, wato babur. Dukansu farare ne, a nan matsalar take. Amma na kunnawa kakin zuma ne ko wani abu mai kama da shi, ba tangaran ba, kuma ba ya murɗuwa. Na moto kuwa rabinsa farin tangaran ne sumul, gindinsa da zaren murɗawa. Duk abin da madam ta faɗa ya cika. (Ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci a nan. Ban yi gaggawa ba. Tunani na yi sosai kafin in kai ga kuskuren.)

Duk da haka ban yarda da kaina ba. Na je wurin mai kayan moto na bakin tasha, na ce ina son buji. Ya ce, "Na wace moto?" Na ce, "A'a, ba na moto ba, na ruwa." Ko gezau bai yi ba. Ya juya ya ɗauko wani a kwali ya ce, "Ga na ruwa nan, shi duk masu garka ke saye." Na ce ka tabbata na ruwa ne? Ya ce, "Wallahi da ka sa shi ruwa zai zo." Ni ban kawo injin ban ruwa a raina ba. Na ji dai an ce na ruwa, hankalina ya kwanta, abin da ba kasafai yake yi ba.

A gida na wanke shi da sabulu, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa. Ya ɗan yi wa ramin ƙanƙanta, sai na naɗa masa farin ƙyalle mai tsabta daga shago, na murɗa ya zauna daram. Na zuba ruwa na kasa kunne. Can sai na ji ɗis, ɗis, a bokitin ƙasa, a hankali, daidai yadda aka ce. Har ƙwalla ta zo mini. Na ɗinka wa abin riga da ragowar shadda, na yi mata aiki a baki. Maiɗakina ta leƙa ciki ta ce, "Malam, haka ake yin sa?" Na ce haka likita ta ce. Ta ce, "To."

Ta sauka lafiya, mace. Ranar suna, bayan an yi addu'a an raba goro jama'a sun ragu, manya suka zauna a zaure: Alhaji, liman, kawunnaina, da taubashina Hamisu, ɗan kabu-kabu mai haya da moto, wanda tun muna yara aikinsa ke nan ya ga na ji kunya. Tun da sassafe na fito da filtir na ɗora a kan kujera inda kowa zai gani. Ba wanda ya tambaye ni, amma na tashi na yi bayani. Na faɗi aibin jabel, na faɗi aibin ƙwaya, na ce duk wanda ke son iyalinsa wannan zai nema. Har na ce wa liman ya kamata a sa irinsa a masallaci. Sannan na tsiyaya a kofi na zaga da shi, na durƙusa na miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

Ya kurɓa. Ya riƙe ruwan a baki kamar mai tuna wani abu, ya haɗiye. Ya ce, "Ruwan nan na san ɗanɗanonsa." Na ce, "Ai tatacce ne, Baba." Ya ce, "Buɗe in gani."

Na cire rigar shadda, na ɗaga murfi. Alhaji ya taso, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya tura hannu, ya murɗo abin. Ruwan bokitin sama ya zube cikin na ƙasa gaba ɗaya, shaa. Ya ɗaga shi a haske. Ƙyallena ya yi ja da tsatsa.

Liman ya ɗaga kai yana duban azara. Hamisu ne ya fara, a hankali, kamar mai tambayar gaskiya: "Tela, to mai fa, ta ina ake zuba mata?" Wani kawuna ya ƙware da goro. Hamisu ya dafa ciki ya ce, "Shi ya sa tun da na sha nake jin ina son in tashi. Jama'a, wani ya ɗan tura ni."

Da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi. Amma na buɗe baki na ce, "Baba, na ruwa ne fa. Sai da na tambaya." Alhaji ya juya shi ya karanta jikinsa, ya ce, "Gaskiyarka, na ruwa ne. Na injin ban ruwa." A nan liman ma ya kasa, ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina durƙushe da kofi a hannu, na rasa inda zan ajiye idona.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya matsa bakin ƙofar cikin gida ya kira surukata, ya ce a tambayi yarinyar nan ko ita da yara sun sha wannan abu. Muna ji aka tambaya, muna ji amsar ta dawo ta saman katanga, mata na ƙyalƙyala: ta ce ita tun ranar farko ba ta yarda da shi ba, tafasa nasu take yi ta zuba a tulu. Malam kaɗai ke sha.

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji. Ya dube ni. "Kai ma Allah ya tsare gaba." Ya goge bujin da gefen riga ya jefa aljihu, ya ce sabo ne, bai kamata ya lalace a banza ba. Sannan ya ce a gaya mata ta haɗa kaya, da yamma za su wuce.

Haka aka yi. Suka yi arba'in a Ɗan Issa, ni ina gida ina tafasa ruwa da kaina, hayaƙi na shiga mini ido. Na koma wurin madam na ba ta labari. Sai da ta fita waje ta gama dariyarta, ta dawo ta nuna mini na gaskiya a filtir ɗin ɗakinsu. Ashe wani dogon abu ne mai kauri kamar ƙaramar taɓarya, ruwa ke ratsa jikinsa. Ko kama ba su yi ba. Ita ta aika aka sayo mini, ta sa da hannunta. Da na je ɗauko iyalina na tafi da ruwan a gora, Alhaji ya ɗanɗana ya ce, "Wannan ruwa ne." Ya ƙara da cewa wancan ma yana aiki da kyau a garkarsa.

Abin da na koya shi ne, na damu liman, na damu madam, na damu maƙwabci da ɗan kasuwa da tambayoyi, amma guda ɗaya da na ji kunyar yi ita ce kaɗai mai amfani. Ban daina wasiwasi ba. Yanzu dai in aka ce mini sunan abu, sai na ce a nuna mini shi da ido.

To ga dalilin da ya sa na daure na rubuta. Na gaskiyar nan ya tsufa, ya fara tsagewa, madam kuma an yi mata canjin wurin aiki. Dole in sayo sabo da kaina. Ni kuwa yau a garin nan ko gaisuwa na tsaya yi a tasha sai wani ya yi ƙarar tayar da moto da baki. Don Allah, duk wanda ya san wani suna da ake kiran abin nan da shi ban da wancan, da Hausa ko da Faransanci, ya taimaka ya sanar da ni. In kuwa babu, a gaya mini garin da ake sayar da shi wanda Hamisu ba ya kai fasinja.