Yadda Ake Sharhin Fim ɗin 'Yan Sanda Ba Tare da An Kalla Ba

Kai da kake so majalisa ta yi tsit idan ka buɗe baki, matso kusa. Na ba ka tabbaci dabarun nan suna ci. A wurin Bubayaro mai gyaran fanka na unguwar Dogo Nini a Potiskum na koye su. Da su ya zama alƙalin shirin 'yan sandan nan da ake nunawa a talabijin ranar Asabar, alhali kafin waƙar buɗe shirin ta ƙare ya fara minshari.

1. Kada ka kalla

Kallo yana ɗaure harshe. Wanda ya gani da idonsa tsoron ƙari yake ji.

Ranar Lahadin da nake ba ka labari, Baba Mala dillalin shanu ya aika a kira Bubayaro cin abincin rana. Shi ne ƙanin mahaifin Fanna, yarinyar da Bubayaro ke nema, kuma waliyyinta. Sa rana tana hannunsa, ya daɗe yana jan ƙafa. Bubayaro ya goge kaftaninsa har sau biyu, ya isa zaure ya durƙusa, ya tarar da abokan tsohon sun cika tabarma.

Bayan an wanke hannu Baba Mala ya ce, "Ɗana, an ce kai ne masanin fim. Yaya ka ga na jiya?"

2. Yi shiru tukuna

Kaɗa kai a hankali, ka dubi rufin ɗaki. Jahili ne ke saurin amsa. Bubayaro ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Baba, akwai magana." Tsofaffi suka gyara zama.

3. Fara da yabo

Yabi abin da ba a musu a kansa. Bubayaro ya ce mai ɗaukar hoto ya san aikinsa, kiɗan tsoro ya shiga daidai inda ya kamata, kuma Sufeton yana da kwarjini, idonsa kaɗai ya isa ya sa ɓarawo zawo.

"Ka ga kasuwar shanunmu da suka nuna?" in ji wani tsoho.

Bubayaro bai ma san an zo Potiskum ɗaukar fim ba. Ya ce, "Na gani mana! Har warin kashin shanu na ji ta cikin talabijin." Aka kwashe da dariya. Baba Mala ya tura masa ƙashi mai ɓargo.

4. Kawo aibin da ba ya ƙarewa

Duk irin wannan fim ciwonsu ɗaya. 'Yan sanda ba sa isowa sai an gama ɓarna. Sufeto yana sanye da baƙin tabarau a cikin ɗaki. Wanda aka fara kamawa ba shi ba ne. Mai laifin gaskiya kuwa, daka masa tsawa ɗaya sai ya zazzage komai har da sunan kakarsa. Bubayaro ya jero su, tsofaffi na cewa, "Wallahi haka aka yi."

5. Taka gawa

Wannan ce sandar manyan masu sharhi, domin irin wannan fim ba ya rasa gawa, kuma gawa ba ta rama duka. Daɗin ɓargo ya hau kan Bubayaro, ya ce, "Amma abin da ya kashe fim ɗin shi ne gawar nan. Baba, ko bunsuru ya fi mutumin nan iya mutuwa. Tumbi na hawa yana sauka kamar zuga-zugin maƙeri. Ina suka samo shi?"

Wani ya shiga laluben takalminsa.

Baba Mala ya shafa tumbinsa ya ce, "A kasuwa suka same ni. Tun hantsi nake kwance cikin rana, an shafe ni da jan ruwa, ƙudaje na bi na. Ban gaya wa kowa ba don a sha mamaki."

6. Juya magana

Bubayaro ya yi maza ya gyara durƙuso. Ya ce, "Allah ya ja kwana, Baba. Ai nufina, mutum mai lafiya irinka mutuwa ba ta yi masa kyau."

"Madalla," in ji tsohon. "To tunda ka iya, kwanta ka nuna mana."

7. In an ce ka mutu, ka mutu

Ya miƙe a tabarma, ya rufe ido, ya riƙe numfashi. Tsofaffi suka kewaye shi suna duba cikinsa. Daga bayan labule yana jin Fanna da ƙannenta suna toshe baki. Sai ga ƙuda ya sauka a hancinsa, ya zaga, ya leƙa ciki. Bubayaro ya daure, ya tuna sa rana, ya ƙara daurewa. Sannan ya saki atishawar da ta kifar da butar Baba Mala.

"Yarhamukallah, gawa," in ji tsohon. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce a je a gaya wa manyan Bubayaro su zo a tsayar da rana.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Salla. Amma har yau ko masu Keke Napep in sun wuce shagonsa sai sun ɗaga murya: "Marigayi, ina kwana?"

Gargaɗi: shawara na bayar, ban rantse ba. Duk wanda ya bi ta ya rasa budurwa, ko haƙori, ko sunansa na yanka, kada ya neme ni. In kuma an tambaya, ban san ka ba.